Ɗaci Daban, Bauri Daban: Abin da Baki ke Ji a Goro

Gwanin sayen goro a Rigachikun, bakin hanyar Kaduna zuwa Zariya, ba ya biyan kuɗi sai ya ɓare ɗaya ya ɗanɗana. Kayan sun taso ne daga kurmin Kudu, kamar Shagamu ta Jihar Ogun, shi kuwa so yake ya bambance daushe da sabon goro. Abin da yake aunawa a baki shi ne ɗaci da bauri, waɗanda jama'a da dama ke ɗauka abu guda ne.

Ɗacin, galibi daga sinadarin kafin yake, wanda ke hana barci, kuma harshe ne ke jin sa. Bauri kuwa aikin wani rukunin sinadarai ne da ake kira tanin. A cikin yawun ɗan Adam akwai furotin mai sa baki santsi. Da zarar tanin ya haɗu da shi sai ya ɗaure shi ya dunƙule, santsin ya gushe, harshe ya riƙa gogar dasashi kamar an shanya bakin. Wato dai bauri taɓawa ce, jijiyoyin da ke jin taɓawa su ke kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake ƙaruwa da kowane tauni, ya kuma daɗe bayan ɗacin ya wuce. Masu ɗanɗana jar giyar inabi a Italiya, irin Barolo ta yankin Piyemonte, wannan baurin suke aunawa. Nasu tanin daga ɓawon inabi da 'ya'yansa yake fitowa.

Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe da sanin aikin nan. Bagaruwar da suke jiƙa fata a cikinta cike take da tanin, yana kama furotin ɗin fatar ya hana ta ruɓewa. Daga sana'ar jima ma Bafaranshen nan Armand Seguin ya samo sunan a 1796.

Sai dai tanin ba furotin kaɗai yake kamawa ba. A cikin hanji yana riƙe sinadarin ƙarfe na abinci irin su wake da alayyafo, wanda jiki ke buƙata don yin jini. Bincike a kan shayi ya tabbatar da haka, goro ma yana ɗauke da dangin waɗannan sinadarai. Ga mai juna biyu ko mai ƙarancin jini, ya fi kyau a bar tazarar kamar awa 1 tsakanin cin abinci da shan shayi ko cin goro, a kuma haɗa abincin da lemo, domin bitamin C yana taimaka wa hanji tsotse ƙarfen.