Mai Ibrahim da Sarki Charles: Sarakuna Biyu da Suka Gayyato Baƙi

Duk wanda ya bi Dandal a Maiduguri har ya tsaya a ƙofar fada, in ya tambayi mai gidan, za a ce masa Shehu ne. Ba mai cewa Mai. Alhali kuwa shekaru wajen ɗari takwas sarkin Kanem da Borno Mai ake kiransa, daga gidan Saifawa, gidan da ba kasafai ake samun wanda ya kai shi daɗewa kan mulki ba a duniya. Yadda sunan ya koma Shehu labari ne na takobi, kuma ya yi kama ƙwarai da abin da ya auku a Ingila shekaru ɗari biyu kafin nan, lokacin da sarki da majalisa suka gwabza.

Abin ya faro ne a 1808, da rundunar jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar ta ci Birnin Ngazargamu, babban birnin da Mai Ali Gaji ya kafa tun ƙarni na 15. Mai Ahmad, wanda ya tsufa, ya gudu ya miƙa wa ɗansa Dunama sarauta. Dunama ya duba fadawansa bai ga mai iya ƙwato birnin ba, sai ya aika Ngala a kira wani malami da ke da almajirai da mayaƙa daga Kanembu da Larabawan Shuwa. Sunansa Muhammad al-Amin al-Kanemi, wanda mutanen Borno suka fi sani da Shehu Laminu. Malam ya zo, aka ƙwato birni, aka kashe Gwani Muktar, aka sallami Malam da kyauta. Ba a jima ba Malam Zaki, wanda ya kafa Katagum, ya sake afka wa birnin, aka sake kiran Shehu Laminu. Wannan karon ladan ya wuce shanu da bayi, ƙasa aka ba shi a Ngurno.

Daga nan ruwa ya fara fin ƙarfin gari. Fadawa suka tuɓe Dunama, suka naɗa baffansa Muhammad Ngileruma, wanda ya kafa sabuwar fada a Birnin Kafela. Shehu Laminu ya mayar da Dunama kan gado, kuma wanda ya naɗa ka shi ne ubangidanka ko da kai ke sanye da rawani. A 1814 Shehu ya gina nasa garin, Kukawa, ya tara majalisarsa ta aminai, irin su Muhammad Tirab da Ahmad Gonimi da Ibrahim Wadaima. Yaƙi da shari'a da wasiƙun ƙetare duk suka koma can. Shi ne ya riƙa musayar takardu da Muhammadu Bello kan halaccin yaƙar Borno, muhawarar da Bello ya adana a Infaƙul Maisuri. Mai yana nan da tambura da kakaki, amma ba shi ake aika wa amsa ba.

Dunama ya gane an mayar da shi hoto. Ya ƙulla yarjejeniya a ɓoye da sarkin Bagarmi, cewa su kawo hari, a gama da Shehu a fagen daga. Masu ba da tarihin Borno suna cewa takardar ta faɗa hannun Shehu, shi kuwa ya yi gum, sai ranar yaƙi ya sauya wa Mai wurin tsayawa. Mutanen Bagarmi suka afka wa inda suke zaton abokin gaba yake, suka kashe abokin ƙawancensu. Aka naɗa ƙanensa Ibrahim.

Wannan Ibrahim shi ne wanda Baturen Ingila Manjo Dixon Denham ya gani a 1823. Ya ce ya tarar da Mai zaune cikin wani abu mai kama da keji, yana leƙen jama'a ta tsakanin sanduna, fadawa kuma sun cusa tsummoki ƙarƙashin riguna don tumbi ya fito, ga rawuna ɗirka-ɗirka. Denham ya yi ta dariya a littafinsa. Da ya tuna tarihin ƙasarsu da ya sassauta, domin sarkin da ke da alfarma ba shi da iko ai daga wajensu aka fi saninsa.

A Ingila rigimar ta kuɗi ce da addini. Charles na Ɗaya ya hau gado a 1625, ya yi imani ikonsa daga Allah yake, ba mai tuhumarsa. Al'adar ƙasar kuwa ita ce sabon haraji sai da yardar majalisa. Daga 1629 zuwa 1640 ya ƙi kiran majalisar, ya riƙa tatsar jama'a ta wasu hanyoyi, musamman kuɗin jiragen ruwa, wanda a da garuruwan gaɓar teku kaɗai ke biya, shi kuwa ya ɗora wa kowa. Da ya tilasta wa mutanen Sikotilan littafin addu'ar cocin Ingila, suka ɗauki makami, aljihunsa ya bushe, dole ya kira majalisa. Ranar 4 ga Janairu 1642 ya kutsa zauren wakilai da dakaru don kama mutum biyar, ya tarar sun sulale. A watan Agusta ya kafa tutar yaƙi a Nottingham.

An sha gumurzu. A Naseby, ranar 14 ga Yuni 1645, sabuwar rundunar majalisa ƙarƙashin Thomas Fairfax da Oliver Cromwell ta ragargaza sojan sarki, kuma cikin ganima aka tsinci akwatin wasiƙunsa. Aka buga su kowa ya karanta: sarki yana neman mayaƙa daga Ailan da ƙasashen Turai su zo su yaƙi talakawansa. Ko a lokacin yawancin 'yan majalisa ba su da niyyar kashe shi, so suke a daidaita. Abin da ya ƙure haƙurin soja shi ne yarjejeniyar da ya ƙulla da mutanen Sikotilan a Disamba 1647, yana tsare, cewa su shigo da runduna. Suka shigo, Cromwell ya karya su a Preston a 1648. Soja suka kori 'yan majalisar da ke son sulhu, ragowar suka kafa kotu, aka fille wa Charles kai ranar 30 ga Janairu 1649.

Mai Ibrahim ya bi sawun nan kamar an zana masa. Shehu Laminu ya rasu a 1837 ba tare da ya taɓa kiran kansa Mai ba, kamar yadda Cromwell ya ƙi karɓar kambi da aka yi masa tayi a 1657. Umar ɗan Shehu Laminu ya gaji ubansa, ya ƙara tsuke wa fadar Kafela abin da take samu. A 1846, da aka ga rundunar Borno ta yi nisa wajen Damagaram tare da Abdurrahman ƙanen Shehu Umar, mutanen Mai suka gayyato Sarkin Wadai Muhammad Sharif. Umar ya sa aka ɗaure Ibrahim, ya tari Wadai da ɗan abin da ya rage masa a Kusuri, bakin kogi. Aka ci shi da yaƙi, Muhammad Tirab ya faɗi a wurin. Umar ya sa aka kashe Mai Ibrahim, sannan ya ja da baya.

Wadai suka wawashe Kukawa, suka naɗa Ali ɗan Ibrahim, yaro matashi, suka juya gida da jin rundunar Borno na tafe. Suka bar shi da 'yan tsirarun magoya baya. Bai gudu ba. Ya tsaya ya yi yaƙi a Minarge, aka kashe shi, Umar ya rushe Birnin Kafela. Heinrich Barth, wanda ya iso Kukawa a 1851, ya tarar da garin an sake gina shi gida biyu, na sarauta a gabas, na talakawa da fatake a yamma.

Daga nan hanyoyin suka rabu, kuma a nan ne kwatancen ke da iyaka. Majalisar Kukawa ta mutum ɗaya ce, shi ya zaɓe ta, daga hannunsa take ci. Ta Ingila kuwa ta girmi Cromwell da ɗaruruwan shekaru, tana da kujerun gundumomi da birane, kuma igiyar jakar kuɗi na hannunta. Cromwell ya kore ta da bindiga a 1653, amma da ya mutu a 1658 ɗansa Richard bai cika shekara ba. A 1660 majalisa ta dawo da ɗan sarkin da aka kashe, a 1689 kuma ta rubuta sharuɗɗa: ba haraji, ba ajiye soja lokacin zaman lafiya, sai da izininta. Har yau in sarki ya zo buɗe majalisa, ana rufe wa manzonsa ƙofar zauren wakilai a fuska, sai ya ƙwanƙwasa sau uku.

A Borno gidan malami ne ya zama gidan sarauta. Umar ya yi mulki har 1881, ban da ɗan lokacin da Abdurrahman ya ƙwace a 1853. Rabe ya ƙone Kukawa a 1893, shi ma Faransawa suka kashe shi a 1900, a Kusurin nan dai da aka karya Umar. Ingilishi suka kawo Shehu Abubakar Garbai a 1902, a 1907 ya tare a Yerwa, wadda ta zama Maiduguri ta yau. Shehu Abubakar ibn Umar Garbai, da ke kan gado tun 2009, daga hannun gwamna ya karɓi sanda, kasafin kuɗin jihar kuwa a zauren majalisar dokoki ake zartar da shi, can wani ɓangare na garin.