Awon Albarushi A Bindigar Toka

Da zarar masara ta fara goyo, gyaɗa kuma ta zuba 'ya'ya, manoman da gonakinsu ke bakin daji ba su da sauran barci. Birai su shiga da hantsi, gyado da beguwa su shiga da dare, zabin daji kuwa su bi shuka suna tonewa. A irin wannan lokaci ne a kan sauko da bindigar toka daga inda ta shekara a rataye. To, a nan ne kuma a kan sami hatsari, gama bindigar da aka ɗura ba bisa ƙa'ida ba ta fi yi wa mai ita ɓarna bisa ga dabbar da aka auna. Yatsu da idanu da yawa sun salwanta ta wannan hanya, kuma galibi ba wani abu ya jawo ba sai yawan albarushi.

Akwai maharba masu zaton wai gwargwadon yawan albarushi, gwargwadon nisan harbi. Ba haka abin yake ba. Ko wane bututu yana da iyakar albarushin da zai iya cinyewa kafin harsashi ya fita. Abin da ya haura wannan sai ya fito ta baki, wani yana ci da wuta, wani ma bai kama ba. Ribar da maharbi ya samu ita ce ƙara mai yawa, da hayaƙi, da naushi a kafaɗa. Harsashin kuwa sai ya warwatse ko ya kauce, bututun kuma ya sha wahalar da ba a yi shi dominta ba. Ƙarancin albarushi shi ma yana da nasa aibi, watau ya raunana dabba ta gudu da ciwo. Gyadon da aka yi wa rauni kuwa abin tsoro ne.

Abu na farko shi ne a san irin albarushin. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta da abinci sai baƙin albarushi, ko wanda masana'anta ta rubuta a jikin gwangwani cewa madadinsa ne. Garin da ke cikin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Wanda ya farke harsashi ya juye garinsa cikin bindigar toka, ko ya gauraya su, ya ɗora wa kansa abin da zai fashe a fuskarsa. Haka kuma kan ashana da garin abin wasan wuta na yara ba su da wuri a cikin bututu.

Baƙin albarushi kansa iri-iri ne bisa ga girman tsabarsa. A jikin gwangwanin na kanti a kan ga Fg, ko FFg, ko FFFg, ko FFFFg. Yawan harafin F shi ne laushin garin, kuma mai laushi ya fi saurin kamawa, ya fi matsa wa bututu. FFg shi ya dace da bindiga mai faɗin baki rabin inci ko fiye. FFFg na masu ƙaramin baki ne. FFFFg kuwa na zubawa ne a ɗan kaskon bindiga mai ƙanƙara don tada wuta, ba a ɗura shi a ciki.

Abu na biyu shi ne awo. Maharba da yawa da ido su ke zubawa a tafin hannu, ko kuwa su ɗura sa'an nan su ƙidaya yatsu a jikin sandar ɗuri. Wannan awo ba shi da tabbas, don hannun wani ya fi na wani, yatsa uku a bututu mai faɗi kuma ya fi yatsa uku a siriri ƙwarai. Ya kamata ko wace bindiga ta sami ma'auninta, na ɗan guntun ƙaho ko gora, a yanke shi daidai, a ɗaure a jikin jaka. A cika shi, a shafe bakinsa, kullum haka.

Turawa da wani ɗan awo su ke auna albarushi, sunansa gireni, wajen 15 da rabi ke yin giram 1. Ƙa'idarsu ga bindiga mai zare a cikin bututu, mai cin dunƙulen dalma guda, ita ce a fara da gireni daidai da lambar bakinta. Mai rabin inci, wadda su ke kira lamba 50, a fara da gireni 50, watau giram 3 da 'yan kai. Sai a yi ta ƙara gireni 5 ana gwadawa. Yawancin masu farauta da irinta su kan tsaya tsakanin gireni 70 da 90, kuma ba a wuce iyakar da masana'anta ta rubuta. Mai santsin ciki kuwa, mai cin ƙananan harsashi na tsuntsaye, ƙa'idarta mai sauƙi ce: ma'auni guda na albarushi, ma'auni guda na harsashi. In an rage albarushin kaɗan harsashin ya fi tafiya a haɗe.

Amma fa a lura, waɗannan lissafi na bindigogin da aka jarraba ne. A Ingila akwai gidajen gwajin bindiga a Landan da Birmingham, na Birmingham tun 1813 aka kafa shi. Can a kan ɗura wa bututu fiye da kima a harba, in ya jure a buga masa hatimi. Bindigar da maƙeri ya yi da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota ba ta bi ta wannan gwaji ba, bututun famfo kuma sau da yawa yana da ɗinki a tsawonsa inda zai iya tsagewa. Saboda haka mai irin wannan tilas ya tsaya ƙasa da awon Turawa sosai. Kafin damina ya kai ta ga maƙerin da ya san aikinsa a duba gindinta. In an ga tsaga, ko kumburi, ko tsatsa ta ci rami, to, bindigar ta gama aiki, ba awon da zai cece ta.

Yadda a ke gane awon da ya dace shi ne a kafa allo ko kwali a gaban tudu, nesa da hanya, taki 25 ko 30. A fara da kaɗan, a yi harbi uku da awo ɗaya, a duba. A ƙara ɗan kaɗan, a sake uku. Muddin harbin yana taruwa wuri guda ana kan hanya. Da ya fara warwatsewa, ko naushin ya yi yawa, an wuce, sai a koma baya a yanke ma'auni a nan.

Ga waɗansu ka'idodi na ɗuri da bai kamata a manta ba. Kada a zuba albarushi daga ƙaho ko kwalba kai tsaye cikin bututu, gama in akwai sauran garwashi wutar za ta bi ta kama na hannu. Bayan ko wane harbi a goge ciki da ƙyalle mai ɗan laima. A tura harsashi har ya zauna a kan albarushi, don sarari tsakaninsu ya kan kumbura bututu ko ya fasa shi. A yi wa sandar ɗuri alama biyu, ta bindiga ba kome da ta bindiga a ɗure, domin kada a yi ɗuri a kan ɗuri. Guntayen ƙusa da tsakuwa su kan maƙale, dalma ita ce daidai. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana duban daji har minti ɗaya ko fiye, kada a leƙa. Da rani kuma a kula da abin toshi, busasshiyar ciyawa ta kan fita da wuta ta kama gona.

Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama iska in ya ƙone, dauɗa ya ke zama, mai jan laima, mai cin ƙarfe. Don haka ran da aka yi harbi, ran nan za a wanke bututu da ruwan zafi, a busar, a shafa mai. Albarushi a ajiye shi a rufe, nesa da murhu da yara.

Daga ƙarshe, dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta haɗa har da bindigar toka, saboda haka mai ita ya nemi bayanin lasisi wurin 'yan sanda. Farauta a gandun daji irin na Yankari kuwa laifi ne. Buhun masarar da biri ya ci, baɗi a noma wani, amma hannun da ke riƙe fartanya ba a samun madadinsa. Rigakafi ya fi magani.