Sapelo: Tsibirin da Haraji ke Korar Magadansa

A gaɓar tekun Atlantika, a jihar Jojiya ta Amurka, akwai tsibiri mai suna Sapelo, wanda galibi ba a shigarsa sai da jirgin fito. Unguwa ɗaya tak ta rage wa 'yan asalinsa, wato Hog Hammock, kuma mazaunanta na dindindin ba su kai hamsin ba. Jikokin bayi ne, daga al'ummar da ake kira Gullah Geechee.

A 1802 Thomas Spalding ya fara sayen ƙasar tsibirin, ya zuba bayi suna noma masa auduga da rake. Sarkin gandunsa wani Musulmi ne, Bilali Muhammad, mutumin Timbo a Futa Jalon, wanda ya bar rubutun hannu na shafi 13 da haruffan Larabci a kan alwala da salla. Da yawa daga mutanen Hog Hammock tsatsonsa ne.

Da bauta ta ƙare, ba kyauta aka ba bayin ƙasa ba. A 1871 wasu 'yantattun bayi suka haɗa kuɗin guminsu suka sayi fili a Raccoon Bluff. Sai ga attajirin taba, R. J. Reynolds ƙarami, ya sayi mafi yawan tsibirin a 1934. Da musayar filaye da matsin lamba ya yi ta tayar da ƙauyuka, har ya tattare kowa a Hog Hammock. Yau kusan kashi 97 cikin 100 na Sapelo yana hannun gwamnatin jiha.

Ɗan abin da ya saura ma haraji ke cinye shi, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Baƙo mai kuɗi ya gina gidan hutu, darajar filin maƙwabci ta tashi a takarda, harajinsa ya biyo baya, alhali aljihunsa bai ƙaru da ko sisi ba. A 2012 an ninka wa wasu haraji sau da yawa. A 2023 kuma hukumar gundumar McIntosh, wadda Sapelo ke ƙarƙashinta, ta amince a riƙa gina gidajen da suka ninka na da girma, duk da kukan magada.

A ganina wannan ƙwace ne, ko da an buga masa hatimi. Tsohuwar da ke zaune a filin kakanninta ba sayarwa za ta yi ba, to me ya haɗa ta da farashin kasuwa? Adalci shi ne a yanka wa magajin da ke zaune a filinsa haraji daidai ƙarfinsa, a bar lissafin kasuwa sai ranar da filin ya fita daga hannun dangi.