Shekara goma a kan keke, ba ta iya haɗa riga ba

Taka 12,500 a wata, a kuɗin Bangladesh, kusan dala 113 a lokacin. Abin da gwamnatin Bangladesh ta yanka ke nan a Nuwamban 2023 a matsayin mafi ƙarancin albashin masu ɗinkin masana'anta, bayan ma'aikata sun nemi 23,000, sun sha hayaƙi mai sa hawaye a titunan Gazipur. Kuɗin ya yi kaɗan. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mace ta baro ƙauye, ta shekara goma a kan keken ɗinki, ta fita ba ta iya haɗa riga guda ba.

Da farko ba haka abin yake ba. A 1979 kamfanin ɗinki na Desh ya tura ma'aikata 130 zuwa masana'antar Daewoo a Busan, Koriya ta Kudu, na wata shida. An koya musu yanka da ɗinki da duba inganci, har da yadda ake cika odar ɗan kasuwar Amurka a kan lokaci. Cikin 'yan shekaru 115 daga cikinsu suka kafa nasu ko suka riƙe wasu. Su ne tushen sana'ar da yau take ɗauke da ma'aikata wajen miliyan huɗu.

Masu zuwa yanzu ambaliya da zaizayar gaɓar kogi ne suke koro su daga Rangpur da Barisal. Yarinya ta fara da yanke zare da almakashi. In ta yi sa'a a ba ta keke, a ce mata aljihu kawai, ko wuyan riga kawai, ɗaruruwa a yini. Mai masana'anta sauri yake saya, saboda haka ba ya ganin ribar koya mata fiye da haka, musamman da yake gobe tana iya komawa masana'antar maƙwabta don ƙarin taka kaɗan. Muƙamin mai kula da layi kuwa kusan duk na maza ne.

Masu kare tsarin suna cewa ya ba mata kuɗin hannunsu, 'yan mata sun daɗe a makaranta. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai injuna masu sarrafa kansu sun fara cinye aikin masu yanke zare, kason mata a masana'antu kuma yana raguwa.

Saboda haka kamfanonin Turai da Amurka masu sayen kayan su sa horo cikin sharuɗɗan oda, kamar yadda aka tilasta gyaran gine-gine bayan ginin masana'antu na Rana Plaza ya rufta a kan ma'aikata a 2013, ya kashe fiye da 1,100.