Shin Ko Kun San Ana Ba Ciwon Kai Maki?

Shin ko kun san har yau babu na'urar da likita zai ɗora muku a goshi ta faɗi zafin ciwon kanku? Zazzaɓi na da ma'auninsa. Hawan jini ma haka. A kasuwar Talata Mafara gero na da tiya. Amma ciwo? Sai abin da mai shi ya faɗa!

Shi ya sa likita ke tambaya: "Daga 0 zuwa 10, ina naka ya tsaya?" Sifili, garau ke nan. Goma kuwa, azabar da babu sama da ita. Ku ƙirga da kyau: matakai 11 ne, ba 10 ba!

Akwai na layi ma. A ja layi mai tsawon santimita 10, majiyyaci ya ɗiga alama inda yake jin ciwonsa ya kai, likita ya sa rula ya auna. Ciwo da rula, jama'a!

To yara fa? A shekarun 1980, Donna Wong da Connie Baker a Amurka suka fito da zanen fuskoki shida, daga mai murmushi zuwa mai hawaye. Ɗan shekara uku na iya nuna tasa. Haka ma tsohuwa a ƙauyen Bakura da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Ku saurari wannan! A shekarun 1940, James Hardy da Harold Wolff da Helen Goodell na Jami'ar Cornell sun riƙa shafa wa mutane baƙar tawada a goshi, su haska wurin da fitila mai zafi, don su samo ma'aunin ciwo. Suka raɗa masa suna "dol". Ƙololuwarsa goma da rabi. Bai samu karɓuwa ba, amma Wolff ya zama jigo a binciken ciwon kai.

A 1975 kuma, Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada ya jera kalmomi 78 na siffanta ciwo. Saba'in da takwas! Mai sara ne? Mai suka? Mai ƙuna? Zaɓi naka.

Kun san yadda ake gwada sabon maganin ciwon ɓarin kai? Sau da yawa matakai huɗu kacal: babu, kaɗan, matsakaici, mai tsanani. A sha magani, a jira awa biyu. Ya koma "babu"? To ya ci jarrabawa! Ba ƙaramin abu ba ne, don ciwon kan ɗauki awa 4 zuwa 72, kuma yana damun mutum kusan biliyan ɗaya.

Ga wani abin mamakin: ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi! Tantanin da ya lulluɓe ta da hanyoyin jini ne ke kai ƙara.

Amma a kula! Ciwon da ya kai 10 cikin ƙasa da minti ɗaya, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ba na jira ba ne. Zamfara ba ta manta da sanƙarau na 2017 ba. Daga fadamun Bakolori har cikin Maradun, a garzaya asibiti.

Mu kuma da an ce "yaya jiki?" sai mu ce "da sauƙi", ko da kai na kamar zai tsage. Ku bar wa 'yan dubiya wannan. Likita kam, ku ba shi lamba. Ku sanar da na gida!