Ƙananan halittun da ke kwance fosfaras a gindin gero da masakwa

Magidancin da ke awon gero a unguwar Lamisula ta Maiduguri wataƙila bai taɓa tunanin ƙasar Maroko ba, amma tana da kaso a kuɗin mudunsa. Tun bayan yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin OCP a watan Disambar 2016, daga can ake shigo da sinadarin fosfet da masana'antunmu ke haɗa takin NPK da shi.

Abin da ba a cika ambata a takardun kasafi ba shi ne, abin da shuka ke sha daga fosfaras ɗin da aka zuba mata a damina guda bai cika wuce kashi ɗaya bisa huɗu ba. Saura ƙasa ke riƙe shi. A firgi, baƙar laka ta Dikwa da Marte inda ake dashen masakwa, sinadarin kalsiyam ne ke ɗaure shi har ya gagari saiwa.

Akwai bakteriya, musamman dangin Bacillus da Pseudomonas, da ke zaune a jikin saiwa suna fitar da ruwa mai tsami wanda ke kwance wannan ɗauri. Hanyar gano su tsohuwa ce, tun 1948 wata masaniyar Tarayyar Sobiyet, Pikovskaya, ta tsara ta. Ana tumɓuke shuka, a kakkaɓo ƙasar da ta manne wa saiwar, a tsarma ta da ruwa, a shafa a faranti mai ɗauke da fosfet da ba ya narkewa. Bayan 'yan kwanaki, duk inda aka ga da'ira garau ta kewaye tarin ƙwayoyin, to an samu masu narkarwa. Sunansu na ainihi kuwa sai an karanta ƙwayar gadonsu ta 16S.

Sai dai faranti ba gona ba ne. Sobiyet ta baza irin wannan taki mai rai, Phosphobacterin, a shekarun 1950, amma da aka gwada shi a Amurka sakamakon bai taka kara ya karya ba. Ƙwayar da ta yi bajinta a ɗakin gwaji mai sanyi tana iya mutuwa a zafin Afrilu na Borno. Shi ya sa nau'in da aka tono daga gindin geron yankin ya fi wanda aka sayo daga waje cancantar gwaji.

Masu aikin suna kusa: Jami'ar Maiduguri, da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi wadda binciken gero da alkama ke hannunta. Gwajin gona yana buƙatar damina biyu ko uku a jere, kasafin Abuja kuma na shekara guda ne.