Zumuncin Kirista da Ikkilisiyar Gaskiya: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Tun kullen korona na 2020, lokacin da aka rufe majami'u aka koma jin wa'azi ta rediyo da Facebook, wata tambaya ta ƙi barin bakin matasan Kirista: tunda ina iya karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakina, in saurari duk faston da na ga dama a waya, me zai kai ni coci? A bayanta akwai wata da ta girme ta. A layi ɗaya a Jos ko Kaduna sai ka ga allon ECWA, ga na COCIN, ga na Katolika, ga na Baftis, ga kuma sababbin da ake buɗewa a shaguna. Wacce ce ta gaskiya?

Me ya hana mutum ya yi Kiristancinsa shi kaɗai?

Galibin abin da Sabon Alkawari ya ɗora wa mai bi ba ya yiwuwa sai da wani. Ba mai yi wa kansa baftisma. Jibin Ubangiji rabawa ake yi. Yafe wa juna, ɗaukar nauyin juna, tsawata wa juna, duk suna buƙatar mutum na biyu, sau da yawa ma wanda ba kai ka zaɓe shi ba. Sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni ta bayyana masu bi na farko a Urushalima da abubuwa huɗu: koyarwar manzanni, zumunci, cin gurasa tare, da addu'a. Sura ta 10 ta wasiƙar Ibraniyawa kuwa jan kunne ce ga masu ƙin zuwa taro, abin da ke nuna tun a wancan zamani wasu sun fara janye jiki. Ashe matsalar ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba.

Wanda yake son ganin abin da idonsa, ya leƙa gidan da aka yi rasuwa a unguwar Kirista. Kafin dangi na nesa su iso, 'yan Zumuntar Mata sun riga sun shigo da ankonsu, wata da itace a ka, wata da kwanon hatsi, wata ta kama sharar tsakar gida. Da dare su zauna kewaye da matar mamacin, ana buga tulu ana waƙa a hankali har barci ya ɗauke ta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Faston da kake ji a waya, komai daɗin bakinsa, bai san an yi maka rasuwa ba.

Ikkilisiya: gini ne ko jama'a?

Kiristocin farko a gidaje suke taruwa. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Bulus ya gaida ikkilisiyar da ke taruwa a gidan Biriskila da Akila. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren sujadar Kirista da aka tono, a Dura-Yurofos ta ƙasar Siriya, gidan zama ne da aka gyara a ƙarni na uku. Manyan gine-gine sun yawaita ne bayan 313, da daular Rum ta sakar wa Kiristoci mara.

A nan gida ma haka. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta yi sujadarta ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. A 2014 Boko Haram ta ƙwace hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, aka ƙona majami'unta da dama, jama'a suka watse zuwa Yola, Jos, har sansanin Minawao a Kamaru. Ko'ina suka sauka sai suka sake haɗuwa, suka ci gaba da sujadar Lahadi.

Da wace alama ake gane ta gaskiya?

A nan ne malamai suka rabu. Shahadar bangaskiya da aka kammala a taron Kustantiniya a 381, wadda Katolika, Otodoks da yawancin Furotesta suka amince da ita, ta ba ikkilisiya siffofi huɗu: ɗaya ce, mai tsarki ce, ta dukan duniya ce, kuma daga manzanni ta fito. Rigimar a kan fassara take.

Katolika sun ɗauki gādon manzanni a matsayin jerin bishop-bishop da bai yanke ba, ƙarƙashin Fafaroma. A 1964 Majalisar Batikan ta Biyu ta tsaya a kan cewa cikar ikkilisiyar Almasihu tana cikin Katolika, amma ta yarda akwai gaskiya da tsarki a wajenta, ta kuma kira sauran masu baftisma 'yan'uwa. Furotesta kuwa gādon koyarwa suka riƙe. Shahadar Ogsbag ta mabiya Luta a 1530 ta kafa alamu biyu: a yi wa'azin bishara tsantsa, a kuma yi baftisma da Jibi yadda aka umarta. Shahadar Beljik ta 1561 ta ƙara na uku, wato horo.

Wannan na uku shi ne mutanenmu suka fi sani, domin suna ganinsa: a sanar da sunan mutum a gaban jama'a, a hana shi cin Jibi har wani lokaci. A gani na, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Sura ta 18 ta Matiyu ta tsara matakai, daga magana a keɓe zuwa shaidu kafin a kai ga jama'a, kuma manufar ita ce a dawo da mutum. Inda yarinyar da ta yi ciki ce kaɗai ake karanta sunanta, dattijon da ya cinye kuɗin gini kuma yana kujerar gaba, to son kai ne ake yi da sunan horo.

In shugabanni suka lalace fa?

An taɓa yin wannan shari'a a Afirka ta Arewa. A tsanantawar da Sarkin Rum Diyokletiyan ya fara a 303, wasu limamai sun miƙa littattafai masu tsarki don su tsira da rayukansu. Da ƙura ta lafa, mabiya wani bishop mai suna Donatus suka ce duk baftismar da irin waɗannan suka yi ba ta karɓu ba, su kaɗai ne ikkilisiyar gaskiya. Agustin, bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya amsa cewa baftisma ta Almasihu ce, ba ta limami ba, ya kuma kafa hujja da misalin alkama da zawan da za su girma tare har ranar girbi. Taron Kartaj na 411 ya ba ɓangarensa gaskiya.

Saboda haka mai neman cocin da babu mai zunubi a ciki zai gaji da yawo. Amma wannan bai zama lasisin zama ko'ina ba. Inda sunan mai cocin ya fi na Yesu yawa a baki, ana sayar da mai da ruwan warkarwa, ba mai ganin lissafin baiko, ana raba ka da danginka, ana ce maka duk wanda ba ya nan ya hallaka, ka ɗauki takalmanka.

Daga ina ɗarikun Arewa suka fito?

Galibi daga rabon ƙasa tsakanin 'yan mishan. SIM, wadda ta fara a 1893, ita ta haifi ECWA a 1954. SUM ta sauka a Wase a 1904, daga rassanta aka sami COCIN a Filato da LCCN a yankin Numan. CMS ta Angilikan ta kafu a Zariya sannan Wusasa, inda aikin ɗan mishan Dokta Miller ya taimaka wajen fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Wato ga mutane da yawa, ƙauyen haihuwa ne ya zaɓa musu ɗarika, ba nazarin tauhidi ba. Hausar ce ta ba Birom, Angas, Bachama da Bura damar yin sujada da baki ɗaya, kuma a 1955 aka kafa TEKAN don haɗa kan wasu daga cikin ɗarikun.

Duk da haka, lokacin zaɓen shugabanni ko canjin fasto, ƙabila kan ɗago kai. Ikkilisiyar Urushalima ma ta sha wannan: a sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu jin Helenanci sun yi ƙorafin ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a bar wa Allah ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, kuma dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su, abin da masu tafsiri da dama ke ɗauka cewa ɓangaren da ya kawo kuka aka damƙa wa rumbun.